Asalin Darbejiya

Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya, ko ya ratsa ƙauyukan Ajingi, zai ga darbejiya a ƙofar gida da harabar makaranta da bakin kasuwa, har ya ɗauka tare da garin aka kafa ta. Ba haka ba ne. Maƙeran Gaya da ake cewa sun ƙera wa Bayajidda wuƙa ba su taɓa hutawa a inuwarta ba. Kuka da tsamiya da ɗorawa suka sani. Darbejiya baƙuwa ce.

Asalinta ƙasar Indiya da Bama. Can ake kiranta nim, kuma sun daɗe suna magani da ita tun kafin zuwan Turawa. Zamanin mulkin mallaka aka kai irinta Gana, sannan a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, inda rana ke da zafi, itace ya yi ƙaranci. Ƙasar kuwa ta karɓe ta. Daga nan ma'aikatan gandun daji suka yi ta raba dashenta gari-gari, tsuntsaye da jemagu kuwa suka ƙarasa aikin, domin sukan sha 'ya'yan su yar da ƙwallon a nesa. Saurin tsawonta ya sa wasu ke ce mata dogonyaro; wasu kuma maina suke ce mata, wasu bedi.

Masana itatuwa sun ce danginsu ɗaya da maɗaci, ɗacin ma ya isa shaida. Saiwarta na nutsawa ƙasa da nisa, shi ya sa ko a tsakiyar bazara, sa'ad da daji ya yi fari fat, ita tana nan shar. Furenta ƙanana ne farare masu ƙanshi, 'ya'yan kuma in sun nuna sai su koma rawaya.

Ɗacin nan shi ne dukiyarta. A 1959 wani Bajamushe mai binciken ƙwari, Shumutara, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye duk wani kore, ta bar darbejiya tsaye. Manomanmu ma sun gano wannan da kansu: a shanya ganyen, a zuba cikin rumbu ko buhun wake, ƙwari su yi nesa. Gara ba ta cika damun icenta ba, don haka ake rufin ɗaki da shi. Reshenta asuwaki ne. Iyaye mata kan dafa ganyen a yi sirace in zazzaɓi ya kama, ƙwallon kuma a matse mai a yi sabulu. Sai dai a kiyaye, man nan yana yi wa jariri illa ƙwarai, kada a ɗura masa. Alhazan da suka yi tsayuwar Arfa sun san ta, domin dubbanta aka dasa a filin don inuwa.

Amma manomi bai cika sonta a tsakiyar gona ba, saboda gero ba ya yin kyau a ƙarƙashinta. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana, ya ƙara wa ƙasa taki. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sare gawo da ɗorawa ba a mayarwa, darbejiya kaɗai ke ƙaruwa, alhali ba ta ba da kalwar daddawa. Jama'ar Gaya da Ajingi, a dasa darbejiya a bakin hanya da ƙofar gida, gona kuwa a mayar mata da gawonta da ɗorawarta.