Ƙatuwar Kumbar Teku da Gansakukar da ke Rainonta

A tekun Indiya da na Fasifik, daga gaɓar Ostireliya zuwa Filifin da tsibiran Palawu, akwai wata kumba da masana ke kira Tridacna gigas. Tsawonta kan wuce mita 1, nauyinta kuma kan zarce kilo 200. Abin mamaki shi ne ruwan da take zaune ciki garau yake, abincinsa kaɗan ne. To, da me take yin wannan girma? Amsar tana cikin namanta, inda wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, ta dangin Symbiodiniaceae, ke zaune da ita zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

Kumbar ba ta gadon gansakukar daga uwa. Ƙwai na ƙyanƙyashewa babu ko ɗaya a jikin 'yar, sai ta haɗiye su daga ruwa a kwanakinta na farko. Maimakon ciki ya narkar da su duka, sai su bi wasu siraran bututu da suka taso daga tumbi, su bazu cikin tattausan naman da kumbar ke shanyawa a rana. A nan suke sarrafa haske su samar da sukari, kumbar ta ci, ita kuma ta ba su mafaka da iskar kabon da sinadarin amoniya. Tana ƙarama, tace ruwa ne ke ciyar da ita sosai. Tana girma, dogaronta na komawa kan gansakukar.

Saboda haka kiwon kumbar a tankuna, irin wanda aka yi a Palawu da kuma Bolinawo ta Filifin tun shekarun 1980, bai isa a auna shi da yawan 'ya'yan da aka zuba a teku ba. Idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima, gansakukar kan fice, kumbar ta koɗe, kamar yadda aka gani a 1998. Idan laka ta gurɓata ruwan, haske ba ya isa ga gansakukar.

A 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan kumba cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Hana kamunta wajibi ne, amma duk shirin ceton da bai kula da zafin ruwa da tsabtarsa da irin gansakukar da ake bai wa 'ya'yan ba, rabin aiki ya yi.