Tafintan kurame ta bidiyo a asibiti: yadda tsarin yake da abin da yake buƙata

Wannan hanya ce ta haɗa likita da majinyaci kurma da tafinta wanda yake wani gari, ta wayar salula ko kwamfuta mai kyamara. Likita ya yi magana, tafinta ya mayar da ita maganar hannu. Majinyaci ya amsa da hannu, tafinta ya faɗa wa likita da baki.

Me ya sa ake buƙatarsa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke fama da matsalar ji mai tsanani. A yankin Sahel, daga Senegal har Sudan da Habasha, sanƙarau na cikin cututtukan da ke kurmantar da yara. Idan kurma ya je asibiti, galibi ɗan'uwansa ne ke fassara. Hakan yana tona sirri, domin akwai ciwon da mace ba za ta bayyana a gaban ƙaninta ba. Kuskure kan adadin ƙwayar da za a sha kuma yana iya jawo asarar rai.

Maganar hannu ba iri ɗaya ba ce

Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Makarantun kurame a Najeriya da Nijar kuwa sun ginu ne kan tsarin Amurka, wanda Andrew Foster ya yaɗa a Afirka ta Yamma. Kuramen Sudan su ma suna da nasu daban.

Saboda haka, kurman da ya tashi a Mai Wurno kusa da Sennar, ko a wani ƙauyen Hausawa na Jazira, bai kuma shiga makaranta ba, zai iya kasancewa alamun gida da na gari kaɗai ya sani. Ba lallai tafintan Khartoum ko na Kano ya gane shi ba. A irin wannan hali akan sa wani kurma ya zauna kusa da shi, ya shiga tsakaninsa da tafintan da ke cikin waya.

Sharuɗɗan aiki

Ƙa'idojin da Amurka ta fitar a 2010 sun tanadi hoto mai tsabta wanda ba ya tsayawa, yana nuna fuska da hannuwa da yatsu, da sauti mai fita sosai, da horar da ma'aikata. A Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, sannan intanet ta ɗauke a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024. Inda layi ke yankewa, gara tafinta ya zo da kansa, musamman lokacin haihuwa, tiyata ko sanar da mummunan sakamako.

Me doka ta ce?

Nijar (2008), Sudan (2009) da Najeriya (2010) duk sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman. Sashe na 25 ya wajabta ba su kulawa daidai da ta kowa, tare da neman yardarsu bayan an yi musu bayani. Kafin kurma ya sa hannu a takardar tiyata, likita ya nemi ya maimaita abin da ya fahimta.