Tarihin Launi a Kwalin Sigari

Ma'abota tijara sun daɗe da sanin cewa ido yakan riga harshe ɗanɗana kaya, amma da wuya a sami sana'ar da ta ci moriyar wannan ilmi, ta kuma cuci bayin Allah da shi, kamar sana'ar taba sigari.

A ƙasar Amurka, sigarin Lucky Strike da koren kwali ya yi suna, sai bincike ya bayyana wa masu shi cewa mata da yawa suna ƙyamarsa, don koren ba ya dacewa da tufafinsu. Maimakon su sauya kwalin, sai suka ƙudura su sauya ra'ayin matan. A shekarar 1934 Edward Bernays, wanda suka ɗauka don wannan aiki, ya shirya wata gagarumar liyafa a masaukin Waldorf-Astoria da ke New York, aka ce kowace mace ta zo cikin koren kaya, har jaridu suka shiga yayata cewa kore ne adon yayi, alhali mahalarta ba su san wanda ya kitsa al'amarin ba. Sai a 1942 aka mai da kwalin fari, bisa hujjar wai yaƙi na bukatar sinadaran rinin.

Abin da ya fi damuna, alal haƙiƙa, shi ne abin da ya faru a 2010, sa'ad da hukumar Amurka ta haramta rubuta kalmomin da ke nuna wai wata taba ta fi wata sauƙi. Sai aka share kalmar aka bar launin, Marlboro Lights ya koma Marlboro Gold, mashayi kuwa ya ci gaba da miƙa hannu ga farin kwalinsa mai ratsin zinariya, yana zaton cutarsa kaɗan ce.

Ostireliya ce ta fara ƙwace wannan makami. Bayan an gwada launuka a kan mashaya don a gano wanda rai ya fi ƙi, aka tsayar da wani ruwan ƙasa mai duhu, mai sirkin kore, aka wajabta shi a kan kowane kwali daga 1 ga Disamba 2012, tare da hotunan cututtuka, sunan sigarin kuma cikin ƙananan baƙaƙe iri ɗaya. Kamfanoni sun kai ƙara babbar kotun ƙasar, ba su yi nasara ba. Daga baya Faransa da Ingila suka bi sahu da wannan launi.