Daren da Bindigar Mai Tsaron Gimbiya Ta Cije

Da misalin ƙarfe 8 na daren 20 ga Maris, 1974, Gimbiya Anne, 'yar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, tana kan hanyar komawa Fadar Buckingham tare da mijinta, Kyaftin Mark Phillips. A kan titin The Mall da ke Landan, wata mota ƙirar Ford Escort ta sha gabansu ta tsaya. Wani matashi mai suna Ian Ball ya fito ɗauke da ƙananan bindigogi biyu, da nufin sace gimbiyar don neman fansar miliyoyin fam.

Mai tsaron lafiyarta, Sufeto James Beaton, ya fito ya tunkare shi, sai Ball ya harbe shi a kafaɗa. Beaton ya zaro tasa bindigar, ƙirar Walther, ya yi harbi ɗaya bai samu ba. Da ya nemi na biyu, bindigar ta cije. Abin da ya rage masa shi ne ya kare gimbiyar da jikinsa, kuma hakan ya yi, har ya ɗauki harsashi uku.

Ba ƙaramin suna wannan bindiga take da shi ba. Kamfanin Walther na Jamus ya fito da samfurin PP a 1929, sannan ƙanwarta PPK a 1931, wadda aka rage wa tsawo don 'yan sandan farin kaya su iya ɓoye ta a cikin riga. Fina-finan James Bond suka ƙara mata farin jini. Abin mamaki, a fim ɗin Dr. No na 1962 an karɓe wa Bond tsohuwar bindigarsa ta Beretta ne bisa hujjar cewa ta cije masa a bakin aiki, aka ba shi Walther. Shekara 12 bayan haka, abin da aka ɗora wa Beretta a fim ya faru da Walther a zahiri.

Dalilin irin wannan cijewa yana cikin yadda bindigar take aiki. Libarba, wato mai gidan harsashi mai juyawa, da ƙarfin yatsan mai harbi take kawo harsashi na gaba. Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi kuwa da ƙarfin harbin farko take shirya na biyu. Fashewar albarushi na tura marfin sama baya, ya zaro kwanson da aka harba ya wurgar. Sifirin ɗin gidan harsashi ya ɗago sabo, marfin ya dawo ya tura shi ta wata 'yar gangara zuwa cikin bututu. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido, kuma kowane mataki ya dogara da wanda ya gabace shi.

Ƙanƙantar bindiga na ƙara tsananta lamarin. Marfinta ba shi da nauyi, tazarar da yake tafiya gajera ce, don haka lokacin da sabon harsashi ke da shi ya hau gurbinsa kaɗan ne. Ɗan datti ko ɗan sanyin sifirin da babbar bindiga za ta shanye, ƙarama ba ta yafe shi.

Shi ya sa masu gyaran makamai suka daɗe da tsarin da suke bi wajen gano matsala. Sukan fara da gidan harsashi, domin shi ne ya fi yawan laifi: leɓunansa na iya lanƙwasa, sifirinsa na iya gajiya, ko a kasa danna shi ya zauna daram. Sai harsashin kansa, musamman ga tsofaffin ƙira irin PPK da aka tsara su don harsashi mai zagayayyen kai. Sai tsabta da mai, sai sifirin da ke dawo da marfi da ƙugiyar da ke zaro kwanso. Na ƙarshe shi ne hannun mai harbi. Idan riƙon ya yi sako-sako, gangar jikin bindigar sai ta bi marfin baya, ƙarfin da zai kammala zagayen ya ɓace. Wanda ya riga ya ɗauki harsashi a kafaɗa, kamar Beaton, da wuya ya iya riƙon da ake koyarwa a filin atisaye.

Tun farkon ƙarni na 20 hukumomi suka san wannan rauni. A gwajin sojojin Amurka na 1911, bindigar da John Browning ya tsara ta yi nasara ne bayan ta harba harsashi 6,000 ba tare da ta cije ba. Duk da haka, yawancin 'yan sandan Amurka sun riƙe libarba har shekarun 1980. Harsashinta bai wuce biyar ko shida ba, amma idan ɗaya ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai ya isa ya kawo na gaba.

A daren The Mall, mutane ne suka cike gurbin da bindiga ta bari. Ball ya harbi direba Alexander Callender, da ɗan sanda Michael Hills, da ɗan jarida Brian McConnell. Gimbiyar ta ƙi fitowa daga motar. Wani tsohon ɗan dambe mai wucewa, Ronald Russell, ya naushi Ball, sannan ɗan sandan ciki Peter Edmonds ya bi shi ya kayar. Dukan waɗanda aka harba sun rayu, kotu kuma ta tura Ball asibitin masu taɓin hankali.

Bayan wannan dare aka sake fasalin tsaron gidan sarautar Ingila, domin a lokacin mutum ɗaya tak ke gadin gimbiyar. Sarauniya ta ba Beaton lambar George Cross, mafi girman yabon jarumtaka a wajen fagen yaƙi. Daga 1983 zuwa 1992, shi ne mai tsaron lafiyar Sarauniyar kanta.