Asalin Tagar Tomar

A garin Tomar, tsakiyar ƙasar Fotugal, akwai wata taga a bangon tsohon gidan ibada na Kirista wadda ta yi suna a duniya. An kewaye ta da igiyoyi masu kauri a ƙuƙƙulle, da murjani, da ciyawar teku, da saiwoyin itace, a ƙasa kuma ga dattijo mai gemu kamar ya ɗauki kayan duka a ka. Duk sassaƙar dutse ce. Abin lura shi ne Tomar ba ta bakin teku, amma teku ce ta haifi wannan ado.

Asalin abin daga masu gidan ya faro. Mayaƙan Templa ne suka kafa ganuwar wurin a 1160, da aka rushe ƙungiyarsu sai dukiyarsu ta koma hannun Ƙungiyar Almasihu a 1319. Yarima Henrike na Fotugal ya shugabance ta, ya zuba kuɗinta wajen tura jirage gaɓar Afirka ta Yamma, gicciyenta ne ma aka zana a ƙyallayen jiragen. A 1482 Fotugal ta gina sansanin Elmina a Gana ta yau, zinariya ta riƙa kwarara Lisbon, ga kuma cinikin bayi. A 1498 matuƙin jirgin Fotugal Vasco da Gama ya isa Indiya, masoro da kirfa suka biyo baya. Da wannan arziki Sarki Manuwel na Ɗaya ya sa magini Diogo de Arruda ya yi aikin tagar tsakanin 1510 da 1513.

Wasu masana na cewa yayin zamani ne kawai, domin a lokacin maginan Sifen da Faransa ma suna cika bango da ado, saiwoyin kuma alama ce ta addini. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, tsarin ginin na Turai ne. Sai dai yayi ba ya zaɓa wa magini abin da zai sassaƙa. Inda wasu suka yi ganye da fure, na Tomar ya yi igiyar jirgi, ya ɗora gicciyen ƙungiyar a bisa, a gefe biyu ya kafa ƙwallon zobba na auna taurari, tambarin sarkin. Wanda ya biya kuɗin aiki shi ya sa aka rubuta hanyar arzikinsa a dutse, kuma wani kaso na arzikin daga gaɓar Afirka aka kwaso shi.