Umarni ko Rashin Hani: Tushen Saɓanin Kiristoci a kan Ibada

Ɗaya daga cikin mas'alolin da suka raba jagororin Furotesta a ƙarni na 16 ita ce: shin kowane aikin ibada sai da umarnin Allah, ko rashin hani ya wadatar? Martin Luther ya tafi a kan halaccin duk abin da Baibul bai hana ba, shi ya sa a shekarar 1522 ya tsawatar wa masu farfasa siffofi a majami'un Wittenberg. Ulrich Zwingli kuwa ya shardanta umarnin nassi, har aka kwashe siffofi daga majami'un Zurich a 1524. Ita Cocin Katolika, a taron Trent na 1546, ta riƙi al'adar da aka gada daga manzanni hujja tare da nassi.

Fahimtar Zwingli ta ƙarfafa ta hannun Calvin, ta shiga Aƙidar Westminster ta 1646. A kanta 'Yantacciyar Cocin Sikotilan ta daɗe tana rera Zabura kaɗai, ba kiɗa, sai a 2010 ta sassauta. Ɗalibin usulu zai tuna da ƙa'idar tauƙifi. Saɓanin majami'u a yau kan kiɗa da waƙa reshe ne; asalinsa shi ne hukuncin abin da nassi ya yi shiru a kansa.