Wayar Da Ta Kai Fim Cikin Gida

Mai karatu, ka tuna lokacin da dish yake kayan Alhazan birni? A 1991, da ake yaƙin Tekun Fasha, gidajensu ake cika don kallon CNN. Ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Makoɗa kuwa sai rediyo, daga baya kaset ɗin bidiyo.

Da ƙananan dish da risiba suka yi araha, sai maigida ya kafa nasa, amma a turakarsa ko zaure wayar ke tsayawa. Matan da ke kulle, waɗanda su ne ainihin masu kallon fim ɗin Hausa, sai dai yara su kawo masu labari.

A ganina 2014 ce ta sauya lissafi, shekarar da Arewa24 ta fara watsa shiri kyauta. Uwargida ta ce ita ma sai ta ga Daɗin Kowa. Aka sayo ƙarin waya, aka jona, aka naɗe da salatif, aka bi ta kan katanga. In ta yi tsawo hoto ya riƙa yayyankewa, da damina ruwa ya shiga mahaɗar. Rigima kuma, in ɗakin amarya aka fara kai wa!